Sawun Murya

Ranar Litinin da hantsi aka gane cewa takardar jarrabawa ta fita. Wani shugaban makaranta ne ya bugo waya, ransa a ɓace, ya ce tambayoyin tarihin da za a ba yara ranar Asabar suna yawo a wayoyin ɗalibansa tun jiya. Ya turo abin da ya gani. Aka buɗe ma'ajiya aka gwada, sai ga su nan, su ne, kalma bayan kalma.

Wannan ofis ba shi da wani aiki sai shirya wa makarantu jarrabawa: a rubuta, a gyara, a buga, a rufe, a aika. Mutuncinsa duka a kan riƙon sirri yake. Amma wata takwas da suka wuce sabon Darakta ya sa aka rushe bangayen ɗakuna goma sha ɗaya da ke bene na biyu, aka mayar da wurin fili guda, aka jera tebura ashirin da shida. Ya ce yana so kowa ya riƙa ganin kowa. To, an ga juna. An kuma ji juna: tarin wannan, dariyar wancan, cokali a cikin kofi, faɗan wani da surukinsa a waya. Da ƙorafi ya yi yawa, sai Darakta ya sa aka kafa wani ɗan ɗaki na gilashi a tsakiyar filin, mai ƙofa da kujera biyu, don aikin sirri da amsa waya. Ma'aikata suka sa masa suna Keji.

Kafin azahar ido duk ya koma kan Sakatariya. Ita ta buga takardar. Ita ake gani kullum ƙarfe goma sha biyu tana shiga Keji da waya, ta rufe baki da hannu tana magana, ta fito ido jajur. Da Darakta ya ce ta miƙo wayarta a duba, sai ta ce a'a, a gaban kowa.

Nan aka aika a kira Baba Sawu. Shi ne shugaban masu gadin ginin, dattijo mai tafiya a hankali, kansa kullum a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin da aka sace kafin gwiwa ta zaunar da shi a bakin ƙofa.

"Baba, ba wani dogon aiki ba ne," in ji Darakta. "Mun san wadda ta yi. Ranar Alhamis hukumar gudanarwa za ta zauna, a sallame ta, a miƙa ta ga 'yan sanda. Shaida nake so ka haɗa mini."

"Yallaɓai, ni sawu na iya bi," in ji Baba. "Inda ya kai ni, nan zan kai ka."

* * *

A matakala ya sami Sakatariya, ta zauna a kan tudu na uku, jakarta a cinya. Shekara tara kenan yana buɗe mata ƙofa da safe, ba ta taɓa wucewa ba ta gaishe shi ba.

"'Yata, me ya hana ki ba da wayar nan?"

"Baba, ko kai ma ka yarda ni ce?"

"Da na yarda, da ban wahalar da gwiwata na sauko ba."

Ta daɗe tana murza hannun jakar. Sannan ta sa ya yi mata alkawari da girman Allah cewa maganar ba za ta wuce matakalar nan ba, ta buɗe wayar ta nuna masa. Lamba ɗaya ce, kullum ƙarfe goma sha biyu, wata bakwai a jere. Lambar asibitin masu taɓin hankali.

"Maigidana ne," ta ce. "A ofis na ce musu ya tafi ƙarin karatu. Malamin makaranta ne, Baba. In ya warke, aji zai koma. In maganar nan ta fita, wane uba ne zai ba shi ɗansa? Minti biyar suke ba shi a rana. Wani lokaci ya gane muryata, wani lokaci sai na gaya masa ko ni wace ce."

"Za su kore ki, 'yata."

"Su kora. Aiki nawa ne. Wannan sirrin kuwa ba nawa ba ne balle in bayar."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango. Yanzu abu biyu ne a hannunsa, kuma dole ya fitar da ɗaya ba tare da ya zubar da ɗayan ba.

* * *

Mutum na biyu da ya ga tambayoyin shi ne Malam Jan Biro, mai gyaran rubutu. An yi ta raɗa cewa yana tafiya gida da takardu a jaka. Baba ya roƙi ya ga jakar. Malam ya zazzage ta a kan tebur cikin fushi: jarida ta makon jiya, maganin tari, jan biro guda huɗu, da tabarau mai ƙafa ɗaya.

"Ga sirrin ƙasa nan, kwashe," in ji shi.

"Yi haƙuri, Malam. Koya mini yadda kuke aikin nan, ni jahili ne."

Jin an ce ya koyar, sai Malam ya sauko. Ya ce tun zamanin da aka kafa ofishin, ba a gyara jarrabawa da ido kaɗai, domin ido yana tsallake kuskuren da ya saba gani. Mutum biyu ake zama. Sakatariya ta riƙe wadda ta buga tana karantawa a bayyane, shi kuma ya riƙe ta rubutun hannu yana bi da biro. Tambaya, sannan zaɓi huɗu, sannan ta gaba.

"Da can a ɗakina muke yi, mu sa sakata," ya ce. "Yanzu ɗakina ya zama hanyar zuwa bayi. Sai Keji. Ranar Laraba muka shiga, daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da kwata. Tambaya arba'in."

"Kun tsaya a tsakani?"

"Ko ruwa ba mu sha ba."

"Ana jin ku daga waje?"

"Jeka ka gwada."

Baba ya sa Malam ya shiga ya rufe ƙofa ya yi karatu. Ya manna kunne a jikin gilashi, ya zaga ta kowane gefe, ya tsaya a teburan da ke kusa. Sai motsin baki kawai, kamar kifi a ruwa. Ma'aikata suna kallonsa suna ƙunshe dariya.

* * *

Ranar Talata ya roƙi a buga masa abin da ke yawo a wayoyin yara, ya zauna a bencinsa na bakin ƙofa ya ƙirga da yatsa. Karatunsa ba mai nisa ba ne, amma ƙirga ba ta ba shi wuya. Tambaya talatin da huɗu ya samu. Babu ta sha ɗaya, da ta sha biyu, da ta sha uku. Babu ta ashirin da bakwai, da takwas, da tara. Ta sha huɗu kuma rabinta ne kawai, babu farkonta. Sannan akwai tambaya ɗaya mai taswira, an rubuta maganarta, amma taswirar babu.

Ya kai wa Darakta.

"Wayo ne," in ji Darakta, ko ɗagowa bai yi ba. "Ta cire wasu don kada a gane ta."

"Yallaɓai, wanda takarda ke hannunsa hoto zai ɗauka, minti ɗaya ya gama, har da taswira. In kuma ɓoye kansa yake so, ba zai yanke tambaya a tsakiya ba. Na sha bin sawun da ya ɓace a kan dutse ya sake fitowa a gaba. Ba dabbar ce ta tashi sama ba, wurin ne bai riƙe sawu ba. Wannan mutumin bai ga takardar ba. Jin ta ya yi. Sau biyu wani abu ya toshe masa kunne."

"Keji ba ya fitar da sauti. Ni na zaɓo shi da kaina."

Baba bai yi musu ba. Ya fito yana tambayar kansa: me ya yi ƙara sau biyu a ofishin nan ranar Laraba da hantsi?

Amsar tana can kusurwar gabas, inda injin yayyaga takarda yake. Mai kula da shi wani ƙato ne da ake kira Lasifika, don ko gaisuwa ya yi sai an ji a bene na ƙasa. Shi ma an sa masa ido, saboda duk takardar da aka yi kuskure a kanta hannunsa take biyowa.

"Baba na kaina!" ya ce, har wasu suka toshe kunne. "Ka zo kama ni? In ni na sata, ai da tuni na faɗa wa kowa, ka san bakina."

"Ƙanena, rage murya. Ranar Laraba ka kunna injin nan?"

"Sau biyu. Tsoho ne kamarka, minti biyar ya yi zafi ya mutu, sai ya huta kusan rabin awa. Na tuna sarai, don ranar ce Kurma ya harare ni."

Ya nuna teburin da ke gefen injin da haɓa. Wani mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, ya ba fili baya, ya fuskanci bango, kunnuwansa biyu a rufe da irin babban abin sauraron nan mai kama da kofi biyu. Shi ne mai tsara jadawalin makarantu. Tun ranar da aka rushe bangaye ya sa abin nan, ba ya cirewa sai zai tafi gida. In kana son magana da shi sai ka taɓa kafaɗarsa. Shi ya sa ake ce masa Kurma, kuma shi ya sa ba wanda ya ko kawo sunansa a zargi.

"Ya harare ka?"

"Har da yi mini hannu wai in kashe. Wata takwas ina ɓarin ƙara a gefensa bai taɓa ɗagowa ba. Na ce a raina, bawan Allah, zafin gida ne. 'Yarsa sau biyu tana faɗuwa jarrabawar nan, bana ce ta ƙarshe."

Baba ya gode masa. Lasifika dai ya fita daga zargi: mai satar ji ba zai kunna injin da zai hana shi ji ba.

* * *

Ranar Laraba ya hau bene da sassafe, lokacin da ba kowa sai Inna mai shara. Ya durƙusa a kusurwar gabas, gwiwa tana ƙara, ya shafa kafet da tafin hannu. Tebur in ya daɗe a wuri yakan bar gurbin ƙafafunsa. Ga gurbi huɗu masu zurfi, tsofaffi, ƙura ta fara cika su. Teburin Kurma kuwa yana gaba da su da taku biyu, zuwa hagu. Sauran tebura ashirin da biyar kowanne yana kan gurbinsa.

"Inna, ke kika matsar da wannan?"

"Ni? Da wane ƙarfin? Shi ya ja abinsa, ya fi wata shida. Na mayar masa sau ɗaya, washegari ya sake ja. Na ce to, kowa da haukarsa." Ta ɗaga abin kunnen da ke rataye a jikin kujera tana goge shi. "Ka ga wannan ma. Ni ban san me yake ji a ciki ba."

Ta jawo igiyar. Ƙarshenta a tsinke yake, an cusa shi bayan kwamfuta, ƙura ta yi masa hula.

Baba ya zauna a kujerar, ya ɗaga kai. Daidai saman teburin akwai bakin bututun iskar sanyi. Ya bi bututun da ido, yana tafe a jikin silin, har ya wuce ta saman Keji. Sai a lokacin ya lura da abin da ya kwana biyu yana kallo bai gani ba, don shi mutum ne mai kallon ƙasa: gilashin Keji bai kai silin ba. An bar samansa a buɗe don iska ta shiga, kuma ɗaya bakin bututun yana nan a kansa.

"Inna, shiga Keji ki rufe ƙofa, ki faɗi wani abu a hankali."

Ta shiga tana mita. Can sai ga muryarta ta sauko masa daga sama, siririya amma tas, kamar tana tsaye a bayansa: "Tsoho ya rasa aikin yi, ya sa ni magana da gilashi."

Ya matsa da kujerar taku biyu, zuwa kan tsohon gurbi. Muryar ta koma gunaguni. Ya dawo. Ta dawo.

Ya kamata ya yi murna. Amma sai ya tuna wadda take shiga Keji kullum ƙarfe goma sha biyu, wata bakwai, tana rufe baki da hannu don kada a gani. Ashe duk maganarta a kunnen Kurma take sauka.

* * *

Baba ya so a gama maganar a ɓoye. Ya roƙi Darakta ya zo ya zauna a kujerar ya ji da kunnensa, sannan a kira mutumin su uku kawai.

"In zauna a kujerar ma'aikaci in saurari silin?" in ji Darakta. "Baba, ka ce Kejin da na kawo ne ya yi ɓarna, ka ce mutumin da ba ya ji ne ya ji. In kana da hujja, kawo ta gobe a gaban kowa, a gaban 'yan hukuma. A nan ba ma ɓoye-ɓoye."

Baba ya amince. Gaskiya ita ce, shi ma wani ɓangare na zuciyarsa ya so hakan. A gaban kowa aka kira ta ɓarauniya, yana so a gaban kowa a wanke ta. Ya ce wa kansa Kurma mutum ne mai kunya, in aka kama shi zai sunkuyar da kai ne kawai. Da wannan ya lallashi kansa.

* * *

Ranar Alhamis ƙarfe goma, 'yan hukuma uku suka zo suka tsaya tare da Darakta a bakin fili. Baba ya roƙi kowa ya zauna a teburinsa ya ci gaba da aiki yadda ya saba. Sakatariya tana nata, ta haɗa kayanta a kwali tun safe. Malam Jan Biro yana goge tabarau. Lasifika ya harɗe hannu. Kurma ya ba fili baya, abin kunne a kansa, kofin shayi a gefen hagunsa.

Baba ya yi wa 'yan hukumar bayani a taƙaice, ƙasa-ƙasa, yadda yake wa sabon mai gadi: ga tambayoyi shida da suka ɓace, ga lokacin da injin ya yi ƙara, ga taswirar da babu. "Ba takarda aka sata ba," ya ce. "Muryar yarinyar nan aka sata tana cikin aikinta. Yanzu ku dubi kusurwar can, kada ku dube ni."

Ya shiga Keji, ya rufe ƙofa. Suka ga bakinsa ya motsa, ba wanda ya ji komai. A can kusurwa, taku ashirin daga wurin, Kurma ya zabura, ya fizge takardunsa daga gefen hagu, ya dubi kofin.

Kofin yana nan a tsaye, ko ɗigo bai zuba ba.

Baba ya fito. "Na ce ne, Malam, shayinka ya zube a kan jadawali." Ya taka a hankali har kusurwar, ya jawo igiyar da ta tsinke ya ɗaga, sannan ya nuna gurbi huɗu a kafet, ya nuna bakin bututu. Ɗaya daga cikin 'yan hukumar ya zo ya tsaya a wurin, aka sa Malam Jan Biro ya yi karatu a Keji. Mutumin ya saurara, ya juya ya dubi Darakta.

Kurma ya cire abin kunnen ya ajiye. Kunnuwansa sun yi shatin zobe.

"Shekara ashirin da uku ina da ɗaki," ya ce. "Da ƙofa. Da taga. Aka wayi gari aka ajiye ni kusa da injin shara kamar tsohuwar takarda. Na sayi wannan don in samu lafiya, ya lalace a wata na farko, na ci gaba da sawa don a ƙyale ni. Ban je neman maganar kowa ba. Ita ta sauko ta same ni."

"Amma ka ja tebur ka tare ta," in ji Baba a hankali.

"Na ja," in ji Kurma. "'Yata kaɗai na ba. Na ce kada ta nuna wa kowa. Ta tura wa ƙawarta guda ɗaya."

"Kana zaune kwana huɗu ana jan baiwar Allah nan a ƙasa," in ji Lasifika, karon farko da aka ji muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kana ji, ashe. Kai, ka ji kunya."

Da Lasifika ya yi shiru, wataƙila da abin ya tsaya nan. Baba ya ga yadda fuskar Kurma ta canza, irin ta dabbar da aka rutsa a lungu, ya ɗaga hannu zai tare, amma ya makara.

"Ni ne abin kunya? Ni kaɗai nake da abin ɓoyewa a nan? Duk na san ku! Na san wanda yake neman wani aikin a ɓoye. Na san wanda likita ya ba wata shida a duniya. Ita baiwar Allahn taku, ku tambaye ta ina mijinta yake karatun. Ku tambaye ta wace irin makaranta ce ake ɗaure mutum a gado! Kullum sha biyu ina jin ta: ni ce, matarka ce, ka gane ni?"

Ya kwaikwayi muryarta. Wannan ne Baba bai taɓa yafe masa ba, kuma bai yafe wa kansa ba.

Ba wanda ya motsa. Sakatariya ta dubi Keji, ta dubi bututun, ta bi shi da ido har kusurwa, kamar yadda Baba ya bi shi jiya. Sannan ta fara fitar da kayanta daga kwali tana mayarwa kan tebur, ɗaya bayan ɗaya.

* * *

An sallami Kurma a ranar. An ɗaga jarrabawa da mako uku, yara dubbai suka koma bita, 'yarsa kuma aka hana ta zama. Ranar Asabar masu aiki suka zo suka yi wa Keji rufi, suka toshe bakin bututun, suka manna wasu allunan soso a bango. Darakta ya rubuta wa ma'aikata takarda yana yaba yadda tsarin aiki a fili ya taimaka aka gano mai laifi cikin kwana huɗu. Babu sunan Sakatariya a ciki, babu kalmar haƙuri.

Ranar Litinin Baba ya buɗe mata ƙofa kamar kullum. Ta gaishe shi, ta wuce, sai ta tsaya.

"Baba, na san alkawarinka ka riƙe. Ba daga bakinka ta fita ba."

"Ni na tara su, 'yata. Na san abin da ya ji, na tara su."

"Jiya shugabar makarantar maigidana ta kira ni," ta ce. "Wai tana yi mana jaje. Wai kada in damu, sun riga sun ba wani ajinsa." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Na gaya maka su kora. Da ka bari sun kira ni ɓarauniya, Baba. Wannan ni kaɗai zan ɗauka."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Shekara talatin yana bin sawu, bai taɓa tsayawa ya duba abin da shi kansa yake takawa a hanya ba.

Wajen sha biyu saura ya hau bene, ya ce zai duba makullan taga. Ofishin ya yi tsit. Ba allunan soso ne suka yi aikin ba. Kowa ya san yanzu an taɓa jin sa, kowa yana duban na kusa da shi yana lissafin wane ne likita ya ba wata shida. Lasifika da hannu yake gaisuwa. In Sakatariya ta miƙe, sai a sunkuyar da kai. In ta wuce, sai a bi ta da ido. Shirun da aka yi wata takwas ana nema ya samu.

Ƙarfe goma sha biyu daidai wayarta ta yi ƙara. A cikin wannan shiru, har kusurwar gabas an ji ta. Keji yana nan da sabon rufinsa, ƙofa a buɗe, ba kowa a ciki. Ta dube shi sau ɗaya. Sannan ta ɗauki wayar a nan teburinta, ta gyara zama, ba ta rufe baki da hannu ba.

"Ni ce," ta ce. "Matarka ce."

Ta saurara. Tebura ashirin da huɗu suna saurare tare da ita, ba mai buga ko harafi ɗaya.

"A'a, ba kowa," ta ce. "Ni kaɗai ce. Faɗi maganarka."

Baba Sawu ya bar tagar yadda ya same ta, ya sauka matakala yana dafa bango.